Shin Hanyar Binciken Kimiyya Tana Sauyawa, Ko Kuwa a Kafe Take?

Malama Hadiza, Runjin Sambo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina fatan malamai da masana da ke wannan zaure za su warware mini ita. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma a farkon kowace shekara nakan rubuta wa 'yan aji ɗaya matakan binciken kimiyya a allo kamar yadda littattafan karatu suka jera su: a lura da abu, a yi tambaya a kansa, a kawo hasashe, a gwada hasashen, a tattara sakamako, sannan a yanke hukunci. Yara suna haddace su tsaf, suna kawo su a jarrabawa, mu kuma muna ba su maki.

Ba ni da damuwa da cewa sakamakon kimiyya yana sauyawa. Dukkanmu mun san lokacin da kulorokwin ne maganin zazzaɓin cizon sauro a kowane kemis, kafin ƙwayar cutar ta daina jin sa, gwamnati ta maye gurbinsa da haɗin magungunan da ake kira ACT a 2005. Haka nan mu da muka yi firamare kafin 2006 an koya mana cewa duniyoyi tara ne ke kewaya rana, yanzu kuwa takwas muke koya wa yara, domin an fitar da Fuluto daga lissafi. Wannan duka ina iya bayyana shi ga ɗalibi, in ce masa an samu sabon bayani ne aka gyara tsohon.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ita hanyar da kanta. Idan hatsi ya ƙaru ko ya ragu, mudu ne ke gaya mana. To, idan mudun da kansa yau ya faɗaɗa gobe ya tsuke, da me za a gane gaskiyar awo? Idan hanyar binciken kimiyya a kafe take, wa ya kafa ta, kuma yaushe, kuma me za mu kira aikin masanan da suka gabace shi? Idan kuwa tana sauyawa, ashe ke nan abin da muke cewa an tabbatar a yau ana iya rushe shi gobe don kawai an sauya ƙa'ida, ba don wata sabuwar hujja ta bayyana ba? Ina roƙon a amsa mini da misalai na zahiri, domin ba na son in riƙa dasa wa yara abin da ni kaina ban natsu da shi ba.

Dakta Bashiru, Gawon Nama

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Amsata ita ce hanyar tana sauyawa, kuma sauyin bai tsaya ga kayan aiki ba, ya kai har ga abin da masana suke yarda su kira hujja. Zan tsaya a fannin likitanci domin shi na sani, kuma a cikinsa ne sauyin ya fi fitowa fili, tunda kuskurensa rai yake ci.

Abubakar Arrazi, babban likitan Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya rubuta cewa ya sami wasu marasa lafiya masu alamomin ciwon da ya yi kama da sankarau, sai ya tsaga jijiyar wasu ya fitar musu da jini, wasu kuma ya bar su da gangan domin ya kwatanta. Wannan tunani ne mai zurfi ƙwarai a zamanin da yawancin likitoci suke wadatuwa da faɗar Jalinusu, tsohon likitan Girkawa. Amma hukuncin da ya yanke shi ne fitar da jinin yana da amfani, alhali yau babu likitan da zai yi wa mai sankarau haka. Arrazi ya yi gwaji, kuma ya faɗi abin da ya gani tsakani da Allah. Abin da ya rasa shi ne dabarar da za ta hana shi zaɓen wanda zai shiga wannan rukuni da wanda zai shiga wancan, kuma a lokacin babu wanda ya san akwai buƙatar irin wannan dabara.

A 1747 wani likitan jirgin ruwan yaƙin Ingila, James Lind, ya ɗauki ma'aikatan jirgi 12 masu ciwon nan da ke kumbura dasashi ya sa haƙora girgiɗi, wanda yanzu muka san rashin bitamin C ne ke kawo shi. Ya raba su biyu-biyu, abincinsu iri ɗaya, ya ba kowane biyu magani daban, wasu har ruwan teku aka ba su. Waɗanda suka sha lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka warware. Ya dace da gaskiya, amma idan ɗalibi ya kawo mini bincike yau da mutum biyu a kowane rukuni, zan mayar masa da takardarsa, domin mutum biyu suna iya warkewa da sa'a kawai.

Babban juyi ya zo ne a 1948, lokacin da aka wallafa gwajin maganin sitireftomaisin a kan tarin fuka a Ingila. Marasa lafiya 107 aka saka, kuma Austin Bradford Hill ya tsara rabon da lambobin ƙuri'a da aka rufe cikin ambulan, ta yadda likitan da ya karɓi mara lafiya bai san rukunin da zai faɗa ba sai bayan an riga an rubuta sunansa. Masu karanta hotunan ƙirji ma ba a gaya musu wanda ya sha maganin ba. Cikin wata shida mutum 4 suka rasu daga cikin 55 da aka ba maganin, 14 kuma daga cikin 52 da aka ba hutun gado kaɗai. Ina son ki lura da dalilin ambulan ɗin, Malama, domin duk wanda ya taɓa zagayen gado ya san shi. Likita ya tsaya kan saurayin da har yanzu yake iya zama da kansa yana shan kunu, zuciyarsa ta ce wannan zai jure sabon magani. Ya matsa gado na gaba ya ga dattijon da ƙashin haƙarƙarinsa duk ya fito, yana numfashi da ƙyar, sai tausayi ya ce kada a ƙara masa wahala. Babu ha'inci a nan ko kaɗan, amma a ƙarshen wata rukunin sabon magani ya cika da masu ƙarfi, kuma ko ruwan rijiya aka ba su za a ga kamar ya yi aiki.

Bayan wannan ma ba a tsaya ba. An gano cewa gwajin da ya yi kyau ana gaggawar wallafa shi, wanda bai yi ba kuma a kulle shi a durowa, sai mai karatu ya ga nasarori kaɗai. Saboda haka tun daga 2005 manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin da ba a yi rajistarsa a bainar jama'a ba tun kafin a fara shi.

Akwai kuma sauyin da ya shafi haƙƙin ɗan Adam, wanda mu a Arewa ba labari aka ba mu ba. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964 sun shimfiɗa cewa ba a gwaji a kan mutum sai da yardarsa bayan an fahimtar da shi. A 1996, lokacin annobar sankarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan al'amari yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambatawa lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. A yau binciken da bai bi ta kwamitin ɗa'a ba, mujalla ba ta karɓarsa komai kyawun lissafinsa, kuma wannan sharaɗi babu shi a cikin matakai shida na littafinku.

Malam Umaru, Kanwuri

Assalamu alaikum. Likita, Allah ya ƙara basira, ka kawo tarihi mai amfani, amma ni misalanka suna nuna mini akasin abin da ka yanke. Ka duba mutanen da ka lissafa, tun daga Arrazi har zuwa mai ambulan. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai fiye da shekara dubu, amma me kowannensu yake yi? Ya ƙi yarda da magana don girman mai faɗarta, ya je ya duba da idonsa, ya kwatanta, sannan ya rubuta yadda ya yi don wani ya bi sawunsa. Wannan shi ne asali, kuma bai motsa ba. Ƙuri'a da ambulan da rajista rassa ne da suka tsiro don su kare asalin.

Hadiza 'yata, kin tambayi wanda ya kafa hanyar. Ba mutum ɗaya ba ne, amma idan ana son a ga ta tsaya da ƙafafunta a rubuce, a duba Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Kafin shi manyan masanan Girkawa na dā irin su Iƙlidisu da Baɗlamiyus suna kan cewa haske ne ke fita daga ido ya taɓa abin da ake kallo. Shi kuwa ya jera fitilu a wajen wani wuri mai duhu da aka huda wa ƙaramar kafa, sai kowace fitila ta jefa ɗigon haskenta a bangon ciki. Idan ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa, idan ya buɗe ta ya dawo. Da wannan da ire-irensa ya nuna cewa haske yana tafiya a miƙe, kuma ya kafa hujja cewa daga abu yake zuwa ya shiga ido. Ya kuma rubuta littafi sukutum na shakkun da yake da su a kan Baɗlamiyus, alhali yana girmama shi. Yaron aji ɗaya zai iya maimaita gwajin fitilun nan yau da kwali da tocila uku, ya samu abin da Ibnul Haisam ya samu. Idan hanyar tana sauyawa yadda Likita yake faɗa, yaya gwajin shekara dubu yake nan daram?

Kuma kada a ɗauka wannan ɗabi'a baƙuwa ce a garin nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya sake dawowa ya rasu a nan a 1827, ya rubuta cewa ya tarar da Bello zaune da littafin Iƙlidisu na Larabci da ya ba shi kyauta, kuma Bello ya gaya masa gidansu sun taɓa mallakar kwafinsa da aka kawo daga Makka kafin gobara ta cinye shi. Na kawo wannan ne don yaranmu su san neman hujja gadonsu ne.

Shawarata ita ce ki ci gaba da koyar da matakan nan shida. Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana buƙatar turken da zai riƙe, kuma idan aka fara gaya masa cewa komai yana sauyawa, abin da zai ji shi ne babu abin da ya tabbata. Na ga matasa da yawa da suka ji rabin wannan magana, suka koma suna cewa ai kimiyya ma ra'ayi ce, sannan suka ƙi kai 'ya'yansu rigakafi.

Nasiru, Arkilla

Allah ya gafarta Malam, tsoron da ka ambata a ƙarshe gaskiya ne, kuma ba na raina shi. Amma ina neman izinin in ƙara wani abu da ku biyu ba ku taɓo ba: ko a yau ɗin nan, hanyar ba guda ɗaya ba ce. Ni ilimin duwatsu da ƙasa na karanta, kuma mataki na huɗu na jerin Malama, wato a gwada hasashe a ɗakin gwaji, yawanci ba ya yiwuwa a wurinmu.

Masana wannan fanni sun yi ittifaki cewa teku ta taɓa rufe yankin Sakkwato, wani reshen ruwa da ya ratso ta inda Sahara take a yau. Babu wanda ya gan ta, kuma babu wanda zai iya dawo da ita don a maimaita. To, da me aka sani? Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake haƙar dutsen siminti a Kalambaina, ya tsinci gutsure ya juya shi a hannunsa, yana iya ganin bawon halittun ruwa a manne a ciki, zanensa ya fito rangaɗaɗau, ya zama dutse. A shimfiɗar ƙasa ta Dukamaje an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da kada, wadda ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma a 1972 aka raɗa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Shimfiɗun da kansu sunayen garuruwanmu suke ɗauke da su a littattafan duniya: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Aikinmu shi ne mu tara alamomi daga wurare daban-daban waɗanda ba su dogara da juna ba, mu ga ko labari ɗaya suke bayarwa.

Yadda muke auna shekarun dutse ma ya sauya daga tushe. A ƙarshen ƙarni na 19 Lord Kelvin, wanda babu kamarsa a lissafin zafi a zamaninsa, ya auna yadda duniya take hucewa ya ce shekarunta tsakanin miliyan 20 ne zuwa 40. A 1896 aka gano cewa wasu sinadarai irin su yuraniyam suna fitar da tururin haske da kansu, daga baya kuma aka gane suna rikiɗa zuwa wasu sinadarai a kan ƙayyadadden lokaci. Wannan ya ba masana agogon da ke cikin dutsen kansa, kuma da shi Clair Patterson ya fitar da shekara biliyan 4.55 a 1956. A nan binciken ne ya haifi sabuwar hanyar bincike, wadda babu mai iya tunaninta kafin 1896.

Sannan akwai abin da littafin aji ɗaya yake koyarwa wanda masana ba sa yi a aikace, wato da zarar gwaji ya saɓa wa hasashe sai a jefar da hasashen. Lokacin da aka ga duniyar Yuranus tana kauce wa hanyar da lissafin Newton, masanin Ingila da ya bayyana tafiyar duniyoyi, ya zana mata, ba a jefar da Newton ba. Le Verrier na Faransa ya ce lallai akwai wata duniya a ɓoye da ke janyo ta, ya lissafa inda take, kuma a Satumban 1846 aka juya madubin hangen nesa a birnin Balin na Jamus aka ga duniyar Neftun kusa da wurin da ya faɗa. Daga baya aka ga Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da rana, ita ma tana ɗan kaucewa. Shi dai Le Verrier ya sake bin dabarar da ta ba shi nasara, ya ce akwai wata duniya tsakaninta da rana, aka yi shekaru ana nema ba a ga komai ba. Sai a 1915 Einstein ya nuna cewa a wannan karon lissafin Newton ne ya gaza, kuma a husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, aka auna lanƙwasar hasken taurari daga tsibirin Firinsife da ke gaɓar Afirka ta Yamma da kuma Sobral ta Birazil, ya dace da maganarsa. Ga Le Verrier, mutum ɗaya, dabara ɗaya, sau ɗaya ta ci sau ɗaya ta faɗi, kuma babu wata rubutacciyar ƙa'ida da za ta gaya masa tun farko wanne ne wanne.

Malama Hadiza, Runjin Sambo

Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Baba Malam Umaru, gwajin fitilun nan zan sa yara su yi shi da hannunsu, in sha Allahu. Amma maganar Likita da ta Malam Nasiru ta ƙara ƙarfafa rabin tambayata na biyu, wanda har yanzu ban ji amsarsa ba. Na yarda an sauya ƙa'idoji. To, wa ya yanke cewa sabuwar ƙa'ida ta fi tsohuwar? Idan da ƙa'ida ake tantance bincike, da me ake tantance ita ƙa'idar? Ba na son amsar ta zama cewa manyan masana ne suka taru suka amince, domin wannan shi ne komawa ga girman mai magana, wanda Baba ya ce daga gare shi aka gudo.

Malama Asma'u, Mabera

'Yar'uwa Hadiza, tunda da mudu kika fara, bari in gaya miki abin da ya faru da mudun masana na gaskiya. A shekarun 1790 Faransawa suka ce mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu. A 1889 aka koma ga wata sandar ƙarfe da aka adana kusa da Faris, a 1960 aka koma ga zangon hasken sinadarin kiriftan, a 1983 kuma aka ce mita ita ce nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na daƙiƙa. Kilo ma an sake masa ma'ana a 2019. Duk da haka babu telan da yadinsa ya ragu, domin kowace sabuwar ma'ana an ɗora ta ne ta dace da tsohuwar daidai gwargwadon abin da tsohuwar ke iya aunawa, sannan ta wuce ta a inda tsohuwar take rawa. Sharaɗin ke nan da ake gindaya wa sabuwar ƙa'ida: ta riƙe duk abin da tsohuwar ta samu daidai, kuma ta kama kuskuren da tsohuwar take bari ya wuce, a gaban kowa, ta yadda wanda bai yarda ba zai iya zuwa ya duba.

Ni binciken aikin gona nake yi, kuma ƙuri'ar da Likita ya ambata daga gona ta fito kafin ta shiga asibiti. Ronald Fisher ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya tarar da bayanan amfanin gona na shekaru masu yawa waɗanda da wuya a rarrabe aikin taki da aikin ƙasa da na ruwan sama a cikinsu, sai ya kawo tsarin raba filaye da ƙuri'a. Haka muke yi har yau idan za mu gwada taki a kan albasa a fadama. Fangulan da ke bakin hanyar ruwa kullum sun fi na can ƙarshe samun danshi, kuma manomi ya sani, mu ma mun sani. Saboda haka sai mu rubuta lambar kowane fangali a guntuwar takarda, mu nannaɗe, mu zuba cikin hula, mu kira yaro ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci mai gona yakan ɓata rai idan ya ga sabon taki ya faɗa kan fangalin da ya raina, amma hula ba ta san fangali mai kyau ba, kuma amfaninta ke nan. Ga yadda za ki tabbatar da fifikon wannan ƙa'ida ba tare da kin dogara da girman Fisher ba: ki ba mutum buhu biyu na taki iri ɗaya, ki ce masa ɗaya sabo ne, ki bar shi ya zaɓi inda zai zuba kowanne. Idan ya fifita sabon da wuri mai danshi, a ranar awo sikeli zai nuna bambanci tsakanin abu da kansa. Ki maimaita da ƙuri'a a gonaki da yawa, bambancin zai narke.

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, na yarda da kai cewa duba da ido da faɗin gaskiya ba su sauya ba. Amma akwai abu ɗaya da nake ganin ya taɓa asalin, ba reshe kaɗai ba. Masanan da, har zuwa zamanin Newton, abin da suke nema shi ne yaƙini, irin wanda ake samu a hujjar Iƙlidisu. Mu a yau a mafi yawan fannoni zato mai rinjaye muke nema, kuma mun koyi auna nauyinsa da lamba. Fisher ne ya yaɗa al'adar nan a 1925, cewa a ɗauki sakamako da muhimmanci idan yiwuwar samun irinsa da sa'a kawai bai kai ɗaya cikin 20 ba. Masu binciken ƙwayar zarra ba sa karɓar wannan iyaka ko kusa. Lokacin da aka sanar da gano wata ƙwaya da ake kira Higgs a 2012, ma'aunin da suka bi ya kai kusan ɗaya cikin miliyan uku da rabi.

Ita kanta iyakar ɗaya cikin 20 tana gaban shari'a yanzu haka. A 2015 wata ƙungiyar masu bincike ta maimaita gwaje-gwaje 100 da aka wallafa a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam. Daga cikin 97 da suka tsallake iyakar a karon farko, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake tsallakewa. A 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa tana gargaɗin kada a rataya hukunci a kan wannan lamba ita kaɗai. Wasu masana sun ba da shawarar a tsananta ta zuwa ɗaya cikin 200, wasu sun ce a daina yanka iyaka gaba ɗaya, wasu mujallu kuma sun fara karɓar tsarin bincike tun kafin a tattara bayanai, su yi alƙawarin wallafa sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Har yanzu ba a daidaita a kan ɗaya ba, kuma ɗalibanmu na digiri na biyu a nan Sakkwato da tsohuwar iyakar suke kare kundayensu.